Kabewar Gwaggo da Filin Bakin Dam

Saƙon da ya tashe ni daga Zariya zuwa Jos a ƙarshen watan Oktoba gajere ne ƙwarai. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta sa jikanta ya kira ni ya shaida mini cewa kabewarta ta nuna, kuma in ina da niyyar shan miyar taushe da kabewar bakin fili, to in zo bana, domin ba ta da tabbacin za ta sake shuka a wurin baɗi. Da na tambayi yaron abin da ya sami wurin, sai ya ce an sayar da filin, har an kafa turakun siminti, kuma ranar Asabar mutanen unguwa za su zauna a kan maganar. Ban ƙara tambayar komai ba. Na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, ranar Alhamis da sassafe na shiga motar Jos.

Mun bi ta Pambeguwa da Saminaka, inda muka tarar kaka ta kankama, an jibge buhunan masara a bakin titi, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Daga Jengre ne ƙasa take fara ɗagawa, iska ta sauya, duwatsu su bayyana ɗaya bisa ɗaya kamar da hannu aka jera su, har fasinjan da ke bakin taga ya ja gilashi ba tare da an roƙe shi ba. Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, shi ya sa mutumin Zariya yake neman rigar sanyi a can tun hunturu bai gama shigowa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan karon, wataƙila saboda maganar da ke raina, shi ne shingayen ƙyarana da ke kewaye da tsofaffin gidaje da ƙananan gonaki na ƙauyukan tudun. Shinge ne mai ƙaya da farin ruwa mai zafi, ba dabbar da za ta kusance shi, amma duk inda ka ga shinge biyu suna fuskantar juna za ka ga an bar siririyar hanya a tsakaninsu.

Ta wannan yanki kakanmu ya hau tudu a shekarar 1942. A lokacin, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya, a yankin Malesiya ta yau, wadda ta fi ko'ina samar da kuza a daular Ingila, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, aikin da ya ci rayukan mutane da yawa saboda sanyi da yunwa da cuta. Ƙaramin jirgin ƙasan da ya haɗa Zariya da Jos tun 1914 yana aiki a lokacin, ba a rufe shi ba sai 1957. Kakanmu ya tsira, da aka sallami mutane kuma bai koma gida ba. Ya ci gaba da aikin kuza don kansa, ya yi aure, ya gina ɗakuna biyu a barikin leburori da ke kudu da Jos ta wajen Bukuru, a nan aka haifi mahaifina da Gwaggo, a nan ni ma aka yanke mini cibiya. Ba zan ambaci sunan unguwar ba, tunda maganar filin har yanzu tana gaban manya.

Na sauka a Farin Gada wajen azahar, cikin tulin kabeji da karas da koren wake da dankalin Turawa, ana ta loda su a manyan motoci zuwa kudu. Na ratsa ta Taminus, inda kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002 yake tunatar da kowa abin da garin ya rasa, sannan na kama motar Bukuru. Wanda ya san Jos kafin watan Satumba na 2001 ba ya iya ratsa ta yanzu ba tare da ƙirjinsa ya yi nauyi ba. Rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, sun tsefe garin sun ware shi, Musulmi sun tattaru a wasu unguwanni, Kirista a wasu, har ya zama yaro yakan girma bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Unguwar su Gwaggo ita ma ta rabu, amma ba ta watse ba. Hausawa da Fulanin gida suna ta gabas, Birom da sauran Kirista suna ta yamma, a tsakaninsu kuma akwai filin da ya kawo ni.

Filin ba wani abin kallo ba ne ga baƙo. Faffaɗan wuri ne mai jar ƙasa da tsakuwa, wanda kamfanin kuza ya baje bayan ya gama tonon ƙarƙashinsa, ciyawa ba ta yin tsawo a kansa, gefensa na arewa kuma an dasa itatuwan turare tun zamanin da ake ƙoƙarin farfaɗo da ƙasar da haƙar ma'adinai ta kashe. Daga kudu akwai tsohon ramin kuza da ruwa ya cike, wanda kowa ke kira dam, ruwansa kore ne shar, ba ya ƙafewa ko da rani ya kai inda ya kai. Irin waɗannan ramuka suna warwatse ko'ina tsakanin Jos da Bukuru da Barikin Ladi, kuma tun da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985 manyan kamfanoni suka janye, ramukan ne suka zama abin dogaron manoman rani, waɗanda kayan lambunsu na gani da rana a Farin Gada.

Gidan Gwaggo shi ne na ƙarshe ta gabas, bayan dangarta sai fili. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba.

“Babana, ka iso? Sannu da hanya. Ajiye jakar, zo ka ga abin da na kira ka dominsa tun rana ba ta faɗi ba.”

Ta ja ni ta ƙofar baya. A gindin danga akwai tsohon juji inda take zuba toka da kashin awaki shekara da shekaru, a nan take binne 'ya'yan kabewa uku ko huɗu a kowane rami da zarar ruwan farko ya zauna a watan Mayu. Bana tushe biyar ne suka tashi, suka hau danga, suka sauka ta baya, suka yi yaɗo cikin fili har tsawon taku ashirin ko fiye. Ganyen ya fara bushewa, saboda haka kabewar ta fito fili, guda goma sha ɗaya, wasu zagayayyu masu tsaga-tsaga, wasu masu dogon wuya, kowace an ɗora ta a kan tsingaro don kada danshin ƙasa ya ruɓar da cikinta. A tsakiyar yaɗon ne na ga turken siminti, sabo fil, an shafa masa jan fenti an rubuta lamba. Masu awo sun ɗaga ganyen da kyau sun kafa shi ba su karya ko reshe ɗaya ba, amma bisa ga layin da ya nuna, kabewa bakwai daga cikin goma sha ɗayan suna cikin filin mai saye ne.

Gwaggo ta durƙusa da ƙyar ta ƙwanƙwasa babbar cikinsu da bayan yatsa, ta ce in saurara. Ƙarar ta fito kamar ta ƙaramar ganga. Ta danna farce a fatar bai shiga ba, ta nuna mini mariƙin da ya bushe ya zama kamar itace. Ta ce waɗannan uku su ne shaidar nuna, kuma in za a yanke ta a bar mata mariƙi tsawon yatsa, domin kabewar da aka ɓalle wa mariƙi ta nan ruɓa ke shigarta, wadda aka bar wa kuwa takan kai bazara a ƙarƙashin gado lafiya lau. Ta ƙara da cewa rabin aikin ba nata ba ne, na ƙudan zuma ne da ke kwana a itatuwan turare. Furen kabewa iri biyu ne a jikin tushe ɗaya, namiji mai siririn kara da mace mai ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta, da sassafe suke buɗewa, in ƙuda bai ɗauko garin wancan ya kai wa wannan ba kafin rana ta ɗaga, ƙullutun sai ya yi rawaya ya faɗi.

Washegari bayan sallar asuba na lulluɓa da bargo na zauna a kan wani dutse a bakin filin, kuma a cikin sa'o'i biyu na ga abin da takardar ciniki ba ta rubuta ba. Masu lambu ne suka fara wucewa, suna turo injinan ban ruwa a baro zuwa bakin dam. Bayansu 'yan makaranta, na gabas suna yamma, na yamma suna gabas, kowane rukuni da kalar rigarsa. Wata mata ta shimfiɗa leda ta baza acca, wasu biyu suka sauka da kwandunan wanki, wani yaro Bafulatani ya koro shanu kusan talatin ta gefen itatuwan turare zuwa mashaya, bai bari ko ɗaya ta karkata wajen lambu ba. Da yamma samari suka kafa duwatsu suka fara ƙwallo, na tsaya na saurari sunayen da suke kiran juna da su, sai na ji na masallaci da na coci a ƙungiya ɗaya. A wannan fili ake sallar idi tun ina yaro, a nan mutanen yamma suke taronsu na Kirsimeti da bukukuwan aure, kuma Gwaggo ta faɗa mini cewa a kwanakin tashin hankalin 2010 a tsakiyarsa dattawan ɓangarorin biyu suka haɗu suka yi alkawarin ba wanda zai bar baƙo ya shigo da fitina ta gefensa.

Ranar Asabar bayan la'asar aka jera bencina a inuwar turare. Mai unguwa ya zauna a tsakiya, wakilin dagacin ƙasa a damansa, liman da fasto a gefe guda, jama'a kuwa sun fi ɗari. Da Hausa aka yi zaman daga farko har ƙarshe, domin ita ce harshen da kowa a wurin yake ji. Na je da zaton zan ga azzalumi da waɗanda aka zalunta, kuma dole in faɗi gaskiya cewa ba haka na tarar ba.

Alhajin da ya sayi filin ya zo da kansa, bai aiko wakili ba. Ɗan kasuwa ne mai sanyin magana. Ya ce an ƙone gidansa da shagonsa a cikin gari a 2008, ya shekara goma sha wani abu yana haya da iyali masu yawa, ya tara kuɗi ya sayi wurin daga hannun magada, da shaidu, da sa hannun masu sarauta, takardunsa kuma suna kan hanya a ofishin filaye. Niyyarsa ya gina gidansa, ya yanka sauran fuloti-fuloti ya sayar don ya mayar da kuɗinsa, kuma zai fara da katanga domin duk filin da aka bari a buɗe wata rana wani zai wayi gari ya ce nasa ne. Bayansa babban ɗan gidan da suka sayar ya miƙe, ya ce ƙasar ta kakanninsu ce tun kafin Bature ya zo, kamfani ya karɓe ta ya tone ta ya bar musu tsakuwa, sun shekara da shekaru ba su ci ko ƙwayar acca daga cikinta ba alhali kowa yana amfana da ita, yanzu kuma suna da 'ya'ya a jami'a da mara lafiya a kwance. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa biyan su ko sisi a kan ƙwallo ko idi ko shanya. Ba wanda ya amsa.

Wanda ya fi sa wurin yin tsit shi ne wani magidanci da ɗansa mai shekara tara ya nutse a dam shekaru uku da suka wuce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ramin kuza ba kamar kogi ba ne, bakinsa a tsaye yake kamar rijiya, taku biyu daga inda ake wanki ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ruwan kuma sanyinsa yana ɗaure jijiya. Ya ce shi da a ce katanga ta tsaya a wurin tun da can, da yanzu yaronsa yana aji ɗaya a sakandare, saboda haka duk mai son fili a buɗe ya fara faɗa masa wanda zai tsare yara.

Sannan masu ja suka karɓa. Shugaban masu lambu ya ce iyalai fiye da arba'in ne ke ci daga bakin dam, kuma in an toshe filin, injin da taki da buhunan kabeji sai sun zagaya ta kwalta, tafiyar da ta ninka sau huɗu. Wani dattijon Bafulatani ya yi magana gajera wadda ta fi kowace nauyi a kunnena. Ya ce saniya ba ta fasa shan ruwa don an gina katanga, in an rufe burtali za ta nemi wata hanya, wata hanyar kuma gonar mutum ce, kuma duk wanda ke zaune a Filato ya san abin da yake biyo bayan saniya ta shiga gona. Wani saurayi ya ce su ba su da wani wurin da suke haɗuwa da abokansu na ƙetaren fili, in an raba su da shi sai dai su riƙa jin labarin juna a waya, kuma labarin waya ba ya zuwa da alheri.

Akwai wani tsohon ma'aikacin safiyo da ya yi ritaya, shi mai unguwa ya nema ya fayyace matsayin doka. Ya ce tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana ga jama'a, shi ke ba da izinin mallaka a yankin da aka ayyana birni, ƙaramar hukuma kuma ta ba da na gargajiya a karkara, kuma abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama da amfani ne, wanda galibi ake rubuta wa shekara 99. Gwamna yana da ikon karɓe fili saboda bukatar jama'a, a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka. Amma, in ji shi, hukuma ba ta san filin da ba a kai mata a takarda ba. Shekara sittin ana idi a nan, ba a taɓa samun wanda ya rubuta wasiƙa ɗaya ya nemi a ware wurin a taswira a matsayin filin jama'a ba, kuma da shi da sauran dattawan da ke zaune duk suna da kaso a wannan sakaci.

A nan ne na nemi izini. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni baƙo ne yau, amma a nan aka haife ni, kuma aike ne a bakina daga Gwaggona.” Mai unguwa ya ce in faɗa. Tun da safe ta ja kunnena cewa in gaya musu an tara maza ana shawara a kan hanyar da mata suka fi kowa binta. Su ne masu wanki, su ne masu shanya, su ne masu kai wa juna abinci da gaisuwar haihuwa da ta mutuwa tsakanin gabas da yamma, kuma ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin yaran gabas a yamma take, da tsakar dare ta filin nan ake zuwa ɗauko ta. Ta ce ba ta ja da cinikin kowa, kabewarta ma in Alhaji ya ce tasa ce ya aiko a ɗauka, amma a bar wa mutane inda za su taka. Da na gama, Alhajin ya ce a gaya wa Hajiya kabewarta tata ce, har wadda za ta fito baɗi in bai kai ga gini ba.

Ra'ayina, wanda na faɗa a wurin kuma nake maimaitawa a nan, shi ne katanga a bakin ruwa daban, katanga a kewayen fili daban, kuma kuskure ne a bar baƙin cikin mahaifin yaron nan ya zama hujjar rufe wurin gaba ɗaya. Gefen dam mai zurfi yana bukatar shinge tun jiya, wannan aikin gayya ne na kwana biyu. Filin kuwa ba a maye gurbinsa da kuɗi, domin na ga yadda abin ya kasance a unguwannin Zariya da dama, inda aka yanka filayen wasa aka cike kududdufai aka yi gini, yau yara suna ƙwallo a kan titi, ruwan sama kuma yana kwana a ɗakunan mutane. Amma ban ga adalci ba a ce gida ɗaya ko mai saye ɗaya ne zai ɗauki asarar abin da unguwa duka ke mora. In jama'a suna son fili, sai su sa hannu a aljihu, su kuma taka zuwa hukuma.

Ba a tashi da matsaya ɗaya ba. Alhaji ya yarda ba zai sa bulo ba har ƙarshen shekara, ya kuma yi tayin barin hanya mai faɗin ƙafa shida, Fulani da masu lambu suka ce ƙafa shida ko baro biyu ba za su gifta juna ba, balle garke. Maganar wurin idi da ƙwallo ta fi wuya, domin a nan ne fulotan da suka fi tsada suke. Aka naɗa mutum bakwai, aka sa mata biyu a ciki bayan fasto ya tuna da aiken Gwaggo, aka ɗora musu auna burtali, da tambayar Alhaji kuɗin da zai karɓa a kan tsakiyar filin, da rubuta wa ƙaramar hukuma. Wasu samari sun tashi suna gunaguni cewa an sayar da su, mahaifin yaron kuma ya tafi tun kafin addu'a.

Miyar kuwa ranar Lahadi aka yi ta. Gwaggo ta zaɓi mai dogon wuya, ta ce ta fi tsoka da zaƙi, ta miƙo mini babbar wuƙa domin hannunta ba ya iya fasa ta yanzu. Da ta rabe biyu sai cikin ya bayyana ja kamar gwaiduwar ƙwai, ƙamshinsa mai sanyi ya tashi. Ta sa hannu ta kwashe 'ya'yan da zaren da ke riƙe da su ta zuba a ƙwarya, ni kuma na fere bawon na yanka gunduwa-gunduwa. Tun da hantsi ta ɗora ƙashin saniya mai ɓargo da albasa da daddawa a murhu, sai da ruwan ya yi fari ya yi kauri sannan ta zuba kabewar a kai ta rufe. Ba a jima ba ta yi laushi, ta tsame ta a akushi ta murƙushe da bayan ludayi, amma ta bar wasu 'yan gutsattsari, domin a cewarta miyar taushe ba kunu ba ce, ya kamata harshe ya san da kabewa a ciki.

A wata tukunyar ta soya jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir a man ja har ruwansu ya tsane man ya taso, ta juye a kan romon, ta mayar da kabewar. Gyaɗar da jikarta ta soya sama-sama ta daka a turmi, ta dama ta da ruwan ɗumi ta zuba a hankali tana juyawa, ta janye itace biyu daga murhu, domin gyaɗa da kabewa in suka haɗu saurin kamu gare su, kuma miyar da ta kama ba ta da magani. Yakuwa ta fara shiga, 'yar kaɗan, don tsaminta ya karya zaƙin kabewa, alayyafo da lawashi kuma sai a ƙarshe, ta rufe tukunyar ta sauke tun ganyen yana kore. Ina zaune ina kallo sai na tuna cewa kabewa da gyaɗa da tattasai da tumatir duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, 'yan ƙarnuka kaɗan da suka wuce suka iso ƙasar nan, yakuwa da daddawa ne suka tarar a gida, amma yau ba Bahaushen da zai yarda miyar taushe baƙuwa ce. A garin da kalmomin ɗan ƙasa da baƙo suka ci rayuka, tunanin ya daɗe a raina.

Kafin a zuba wa kowa, Gwaggo ta cika kwanon sha da miya, ta sa malmalar tuwon shinkafa uku a wani, ta ɗaure da ɗankwali.

“Babana, kai wa ƙawata a ƙetare. Irin kabewar nan daga hannunta na karɓa shekarar da aka haifi ubansu yaran nan, ban taɓa yanka ta fari ban kai mata ba.”

Na ɗauka na bi ta ƙofar baya, na tsallake yaɗon, na wuce turken mai jan fenti, na ratsa tsakiyar fili ana gab da magariba, iska mai sanyi tana tasowa daga dam. Na duba agogo don in sani, minti shida ne daga danga zuwa danga. Tsohuwar, wadda ita ce ungozomar da aka ambata, ta dawo daga coci ke nan, ta gane ni tun ban yi sallama ta biyu ba, ta ce ita ta yi mini wankan farko. Ta buɗe kwanon ta shaƙi ƙamshin, ta juye, ta wanke, ta cika shi da acca, ta ce a gaya wa Gwaggo an sa ta cikin mutum bakwai ɗin, kuma ranar Laraba za su fita da igiyar awo.

Da na dawo na tarar an wanke 'ya'yan kabewar an baza su a faifai. Gwaggo ta ware masu kauri ta ce in sun bushe za ta gauraya su da toka ta zuba a kwalba, sauran kuma a soya wa yara da gishiri. Muka ci tuwon a tsakar gida kusa da murhu saboda sanyi, miyar ta yi kauri ta yi zaƙi, tsamin yakuwa yana biyo baya a hankali, ba wanda ya yi magana sai da kwanuka suka koma fari.

Ranar Litinin da asuba ta sa aka ɗaure mini kabewa biyu a buhu, da ɗan ƙullin iri a leda, ta ce in gwada a bayan gidana na Zariya, in nemi wurin da ake zuba toka. Jikanta ya ɗauki buhun a ka muka ratsa filin zuwa bakin kwalta. Masu lambu sun riga mu fita, sawun barorinsu yana kan raɓa, a gefen itatuwan turare kuma wata tifa ta juye yashi tun cikin dare. Yaron ya ce na Alhaji ne, amma ya ji an ce na shingen bakin dam ne, wasu kuma sun ce na katanga ne. Motar Bukuru ta tsaya, na sa buhun a tsakanin ƙafafuna, na ce masa ya kira ni ranar Laraba da daddare ya faɗa mini ƙafa nawa aka auna.